Yadda Ɗakunan Karatun Amurka Suka Koyi Zawarcin Yara a Dogon Hutu

A ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, daidai lokacin da manomanmu ke duban gabas suna jiran ruwan shuka ya zauna, makarantun Amurka ke haramar rufewa domin dogon hutu na kimanin mako goma. A irin waɗannan kwanaki akwai baƙuwar da 'yan firamare suka saba gani: ma'aikaciyar laburaren unguwa, riƙe da jaka cike da littattafai da takardun talla. Malamin aji yakan ba ta 'yan mintoci. Sai ta ɗaga littafi ta soma ba da labarinsa, da ta kai inda kowa ya ƙagu ya ji abin da zai faru, sai ta rufe, ta ce mai son jin ƙarshe ya same ta a laburare. Daga nan ta raba takardar da yaro zai riƙa rubuta sunan duk littafin da ya gama a lokacin hutu, ta kuma yi alkawarin takardar yabo ga wanda ya cika.

Wanda ya ga haka yau zai ɗauka tun fil azal ɗakin karatu ke bin yara yana lallashi. Ba haka abin yake ba. An yi zamanin da yaro ba shi da ikon taka ƙofar laburare a ƙasar, kuma wannan al'ada ta karatun hutu, wadda ta haura shekara 120, sai da aka sha fama kafin ta kafu.

Zamanin da ake korar yara

A shekarar 1876, lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka a birnin Philadelphia, yawancin ɗakunan karatu suna da dokar shekaru. Wasu ba sa ba da aron littafi ga wanda bai kai shekara 12 ba, wasu kuma sai 14. Hujjar ita ce yara suna da surutu, hannunsu da dauɗa, kuma suna yayyaga takarda. Ban da haka, da yawa daga cikin ɗakunan ba na kyauta ba ne, na 'yan ƙungiya ne masu biyan kuɗin shekara. Littattafan ma suna bayan kanta, sai ka rubuta abin da kake so a miƙo maka, kamar mai sayen magani a kemis.

A wani irin wannan ɗaki na biya, a birnin Hartford na jihar Connecticut, aka ɗauki wata mata mai suna Caroline Hewins aiki a 1875. Ta tarar da littattafan yara kaɗan ne, waɗanda ke akwai ɗin ma ba su gamsar da ita ba. Ta shiga tacewa da sayo sababbi, ta kuma shawo kan makarantun garin su biya kuɗin shiga domin ɗalibansu su samu aro. A 1882 ta wallafa jerin littattafan da take ganin sun dace da yara, jerin da iyaye da ma'aikatan laburare suka daɗe suna dogara da shi. A wannan shekarar ce kuma ta aika wa ɗakunan karatu 25 wasiƙa tana tambayar abin da suke yi domin cusa wa yara son karatu. Amsoshin da ta samu sun nuna kusan babu wani abin kirki da ake yi.

Ba ita kaɗai ce abin ya dama ba. A garin Pawtucket, Minerva Sanders ta buɗe wa ƙananan yara ƙofa tun wajejen 1877. A 1890 garin Brookline na jihar Massachusetts ya ware wa yara ɗaki, ko da yake a can ƙarƙashin gini ne. Denver ta bi sahu a 1894, Boston a 1895. Ita Hewins sai a 1904 ta samu ɗakin yara na kanta, bayan laburaren Hartford ya zama na kyauta ga kowa a farkon shekarun 1890. Ta yi shekara 50 tana wannan aiki kafin rasuwarta a 1926.

Me ya sa hutu ya zama matsala?

Mutane da yawa, har da Amurkawan kansu, suna cewa an ƙirƙiro dogon hutu ne domin yara su taya iyaye noma. Masana tarihin ilimi sun nuna labarin ya fi haka tsawo. A karkara, lokacin da ake matuƙar bukatar hannun yaro shi ne na shuka da na girbi, don haka makarantun ƙauye sukan buɗe ne da hunturu da kuma tsakiyar bazara. Makarantun birni kuwa kusan duk shekara suke aiki, wasu fiye da kwana 240. Zafin birane, da ƙaurar masu hali zuwa bakin teku idan zafin ya tsananta, da ra'ayin likitocin zamanin cewa yawan karatu na gajiyar da ƙwaƙwalwar yaro, su suka haɗu aka daidaita kalandar, har ta tsaya a kusan kwana 180 da ake yi yanzu.

Ɗan mai kuɗi ya samu hutun shan iska. Ɗan talaka, musamman ɗan baƙin haure da ya zo daga Italiya ko Rasha ko Poland, ya samu titi. Wasu ma titin bai samu ba, masana'anta ce ta haɗiye su: ƙidayar 1900 ta nuna yara kimanin miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin ƙwadago. Sai a 1938 aka yi dokar tarayya da ta taka wa abin birki da gaske.

Akwai kuma wani abu da ke tayar wa manya hankali, wato ƙananan littattafan arha da ake sayarwa senti goma, cike da labaran 'yan fashi da 'yan bindigar dawa da masu binciken laifi. Yara na rububinsu, malamai da limaman coci na cewa za su lalata tarbiyya. Duk wanda ya tuna surutun da aka sha yi a kan littattafan soyayya na Kano zai gane irin wannan fargaba. To, ma'aikatan laburare suka ga cewa idan ba su kai wa yaro littafi a cikin watannin nan uku ba, mai shagon kan kwana zai kai masa.

Cleveland, Hartford da Pittsburgh

A birnin Cleveland na jihar Ohio, shugaban laburare William Howard Brett ya riga ya yi abin da takwarorinsa ke wa kallon ganganci: tun 1890 ya bar mutane su shiga tsakanin kantoci su zaɓi littafi da hannunsu. Mataimakiyarsa Linda Eastman, wadda ta taɓa koyarwa a makaranta, ta san cewa hanyar da ta fi sauƙi a kai ga yaro ita ce ta aji. A 1897 suka kafa ƙungiyar yara ta laburare, mai kirarin zuciya mai tsabta, hannu mai tsabta, littafi mai tsabta. Yaro zai sa hannu ya yi alkawarin kula da littafi, ya kuma jawo abokansa. Ta hannun malaman makaranta aka riƙa raba sanarwa da jerin littattafan da suka dace da hutu. Cikin ƙanƙanin lokaci dubban yara suka shiga. Eastman ta zama shugabar laburaren gaba ɗaya a 1918, ta riƙe shi har 1938.

A Hartford, Hewins ta ɗauki wata hanyar a ƙarshen shekarun 1890. Takan tara yaran da ba su je ko'ina hutu ba, mako-mako, ta yi musu hira a kan littattafai, ta karanta musu wani sashe, ta nuna musu hotuna. Idan ta yi tafiya Turai takan rubuto musu wasiƙu ana bugawa a jaridar garin.

Pittsburgh kuwa garin ƙarfe ne da hayaƙi. A nan Andrew Carnegie ya girma bayan iyayensa sun baro Scotland a 1848. Yana yaro ma'aikaci, wani Kanar James Anderson ya riƙa buɗe wa yara irinsa ɗakin littattafansa mai ɗauke da kimanin littafi 400 duk ranar Asabar. Carnegie bai manta ba. Da ya yi arziki ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929, kuma 1,689 daga ciki a Amurka suke. A babban laburarensa na Pittsburgh, wanda aka buɗe a 1895, Frances Jenkins Olcott ta karɓi sashen yara a 1898. Ita ba ta tsaya jiran yara su zo ba. Da bazara ma'aikatanta sukan ɗauki littattafai su kai filayen wasa, su zauna su yi wa yara tatsuniya sannan su ba da aro. Sun kuma yi amfani da wata dabara da aka fara a Boston: a ajiye ƙaramin akwatin littattafai a gidan wani yaro, a naɗa shi mai kula, yaran layin su riƙa taruwa a can duk mako. A 1900 Olcott ta fara horar da ma'aikatan da za su ƙware a kan yara kawai.

A New York, Anne Carroll Moore ta karɓi ragamar aikin yara a 1906, ta soke dokar shekaru. Sharaɗinta ɗaya ne: yaro ya iya rubuta sunansa a babban littafin rajista, ya yi alkawarin riƙe littafi da amana. Mutanen karkara ma ba a bar su ba. A 1905 Mary Titcomb ta jihar Maryland ta sa aka ƙera keken doki mai kantoci, yana zagaya gonaki da littattafai. Jirgin ƙasa ya murƙushe keken a 1910, aka maye gurbinsa da mota a 1912.

Ƙofar da ta ƙi buɗuwa

Duk wannan alheri bai isa ga kowane yaro ba. A jihohin kudu dokar wariyar launin fata ta hana baƙaƙe shiga ɗakunan da ake gudanarwa da harajin da su ma suke biya. Inda aka tausaya, sai a ware musu reshe na daban. Birnin Louisville na jihar Kentucky ya buɗe irin wannan reshe a 1905 ƙarƙashin Thomas Fountain Blue, da ma'aikata baƙaƙe zalla, ya kuma samu gini da kuɗin Carnegie a 1908. Amma yawancin garuruwan kudu, musamman na karkara, ba su da ko da wannan.

A 1956 wani yaro ɗan shekara 16, ɗan manomi, ya je laburaren garin Troy na jihar Alabama tare da 'yan uwansa domin su yanki katin aro. Aka ce musu wurin na fararen fata ne kawai. Yaron shi ne John Lewis, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin fafutikar 'yancin baƙaƙe, kuma ɗan majalisar wakilai daga 1987 har rasuwarsa a 2020. Bai sake taka wurin ba sai a 1998, lokacin da aka gayyace shi ya sa hannu a littafin tarihin rayuwarsa, a ranar ce kuma aka miƙa masa katin. Shekara 42 ke nan tsakani. Da ya karɓi babbar lambar yabo ta littattafai ta ƙasa a 2016, wannan labarin ya ba mahalarta, muryarsa na rawa.

Ranar 27 ga Maris 1961 ɗalibai tara daga kwalejin Tougaloo suka shiga babban laburaren birnin Jackson na jihar Mississippi, suka zauna suna karatu shiru. 'Yan sanda suka kama su, kotu ta ci kowannensu tarar dala 100. Bayan shekara uku, a bazarar 1964, 'yan fafutika suka buɗe makarantun hutu kimanin 40 a jihar, da ƙananan ɗakunan karatu fiye da 20 a coci-coci da gidajen haya, da littattafan da aka tattaro sadaka daga arewacin ƙasar. Ga yara da yawa, a nan suka fara riƙe littafin da baƙar fata ya rubuta. An kai wa wasu daga cikin wuraren hari da wuta da bam. A watan Agusta na shekarar, a garin Hattiesburg, wata malama mai suna Sandra Adickes ta raka ɗalibanta shida laburaren gari neman kati. Maimakon a ba su, shugaban 'yan sanda ya zo ya rufe laburaren. Wannan ya faru ne makonni kaɗan bayan an sa hannu a dokar 'yancin jama'a ranar 2 ga Yuli. A 1966 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa wasu baƙaƙe biyar da suka yi zaman lumana a wani laburare na jihar Louisiana.

Alewa ko littafi?

Tun a shekarun farko aka gane cewa yaro na son a ga ƙoƙarinsa. Sai aka shigo da takardar yabo, da tauraron da ake manna wa yaro kusa da sunansa a bango, da taswirar da yake matsawa gaba a kanta duk lokacin da ya gama littafi. Daga baya 'yan kasuwa suka shigo da tikitin abinci da kayan wasa. Su kansu ma'aikatan laburare sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Masu suka suna cewa gasa na sa yaro ya zaɓi siraran littattafai don ya tara lamba, kuma wanda ya riga ya iya karatu shi ke lashewa kullum, mai rarrafe ya karaya ya daina zuwa, alhali dominsa aka yi shirin. Marubuci Alfie Kohn ya ƙarfafa wannan suka a 1993, inda ya ce lada na iya kashe sha'awar da aka yi niyyar rayawa. Masu goyon baya kuwa suna cewa ai sai yaro ya shigo ɗakin kafin littafi ya kama shi, kuma ko da kwaɗayi ne ya kawo shi, ya dai zo.

Jayayyar ta haifar da gyara. Ɗakuna da yawa sun daina ƙirga yawan littafi, sun koma ƙirga mintoci ko kwanakin da yaro ya yi karatu, sun kuma mai da kyautar ta zama littafi na kansa. A 1987 wasu rukunan ɗakunan karatu goma na jihar Minnesota suka haɗa kai suna fitar da jigo ɗaya da zane ɗaya kowace shekara domin rage tsada, haɗin da ya bazu zuwa sauran jihohi. Birtaniya ta fara nata shirin na ƙasa a 1999, inda ake ƙalubalantar yaro ya karanta littafi shida a hutu ya karɓi lamba da takardar yabo.

Abin da bincike ya nuna

Kusan shekara 80 ana wannan aiki bisa kyautata zato kafin a auna shi da kyau. A 1978 Barbara Heyns ta wallafa bincikenta kan ɗalibai kusan 3,000 'yan aji shida da bakwai a birnin Atlanta. Ta gano cewa yawan littafin da yaro ya karanta a hutu yana tafiya tare da ci gabansa, ko ɗan wane ne shi, kuma zuwa laburare ya fi shiga ajin hutu nuna wanda kalmominsa za su ƙaru. Ta kuma lura cewa yaran da gidansu ke kusa da laburare sun fi karatu.

A Baltimore, Doris Entwisle da Karl Alexander sun fara bin yara kimanin 790 tun daga aji ɗaya a 1982. Sun kwatanta makaranta da famfo: idan tana buɗe, ɗan talaka da ɗan mai hali duk suna sha, idan aka rufe da hutu, mai rijiya a gida ya ci gaba da sha, wanda ba shi da ita ya zauna da ƙishi. A 2007 suka ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na tazarar karatu da ke tsakanin yaran a aji tara ya taru ne a hutun shekarun firamare. Harris Cooper da abokansa, da suka tattara binciken da aka yi har zuwa 1996, sun ce matsakaicin yaro na asarar kusan wata guda na abin da ya koya.

Ba duk masana suka amince da girman waɗannan alƙaluma ba. A 2019 Paul von Hippel ya nuna cewa da aka yi amfani da sababbin hanyoyin jarrabawa, ba a ga tazarar tana faɗaɗa da hutu kamar yadda aka ce ba, kuma mafi yawanta ta riga ta samu tun kafin yaro ya shiga makaranta. Sai dai akwai gwajin da ya fi saura ba da amsa kai tsaye. Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun ba yara 852 daga makarantun talakawa 17 a jihar Florida damar zaɓen littafi 12 kowannensu, kyauta, a ƙarshen kowace shekarar karatu har shekara uku. Ba darasi, ba jarrabawar mako, ba lada. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna sun fi takwarorinsu da ba a ba littafi ba a jarrabawar karatu ta jiha, kuma waɗanda suka fi talauci su suka fi amfana. Kuɗin da aka kashe kusan dala 50 ne kan kowane yaro a shekara. Littattafan da yaran suka fi wawaso kuwa na tarihin mawaƙa ne da taurarin talabijin, irin waɗanda Caroline Hewins za ta yamutsa fuska idan ta gani. Ita da tsararrakinta sun yi daidai da suka ce a kai wa yaro littafi. Inda suka yi kuskure shi ne tunanin cewa dole sai babba ne zai zaɓa masa.

Yau ɗakunan karatu da yawa a Amurka har abincin rana suke rabawa da hutu, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya da aka fara a 1968, domin an gane cewa yaron da ke cin abinci a makaranta yana rasa shi idan an rufe, kuma mai jin yunwa ba ya zama da littafi.

Igiyar wannan tarihi ta ɗan taɓo mu. Gidauniyar Carnegie ce ta ba da tallafin da aka buɗe laburaren Legas da shi a 1932, wanda shi ma na biyan kuɗin shekara ne kamar na Hartford a zamanin da Hewins ta iso, don haka 'yan tsiraru ne suka more shi. Ita ce kuma ta ɗauki nauyin makarantar horar da ma'aikatan laburare da ta fara aiki a jami'ar Ibadan a 1960. Namu dogon hutun yana zuwa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina, lokacin da wani yaron ke gona, wani ke talla, wani kuma ke riƙe da wayar yayarsa. Akwatin nan na Pittsburgh bai bukaci gini ba, bai bukaci lantarki ba: 'yan littattafai ne, da gidan da ya yarda ya ajiye su, da babba ɗaya da ke leƙowa duk mako ya ji abin da yaran suka karanta.